Hular Alhaji Sani ta nutse a Kekoba

Alhaji Sani Mai Labule: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na dawo tun daren Talata, gajiya ce ta hana ni leƙowa. Masu ƙorafin na zuba hotuna babu bayani, to ga bayanin. Mutumin da nake sarin labule a wurinsa a Istanbul, shekara tara ke nan muna tare, shi ya rantse bana ba zan ɗaure kaya in juyo ba sai ya nuna mini ƙasarsu. Muka hau jirgin sama zuwa Dalaman, mota ta kai mu Fetiye, can ya yi shatar jirgin ruwa na katako irin wanda suke kira gulet. Mu shida ne, sai kyaftin da mai girki da yaron jirgi. Ɗaki huɗu ne a ciki, kowanne da banɗakinsa. Kwana huɗu muna bin gaɓar Bahar Rum, duk inda aka ga kufai a saki anga a sauka a duba. Ni da ruwan da na sani bai wuce Kubanni da Galma ba.

Hajiya Binta Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Alhaji. Ina tsarabarmu?

Nasiru Bakano: Bazazzagi a tsakiyar teku! Alhaji tsakaninka da Allah, sau nawa ka yi amai?

Alhaji Sani Mai Labule: Sau biyu, kuma duk a ranar farko. Kai da za a kai ka ai tun daga bakin tasha za ka fara salati. Hajiya tsaraba na cikin kwantena.

Abin da ya fi ba ni wuya ba jirin ba ne, alƙibla ce. Mu nan mun saba gabas kawai ake fuskanta, can kuwa kudu maso gabas ce. Ga jirgi in ya saki anga ba ya zama wuri ɗaya, iska tana juya shi a hankali. Ka tayar da kabbara kana kallon wani tsauni, kafin ka yi sallama tsaunin ya koma kafaɗarka ta hagu. Daga baya kyaftin ya ba yaron jirgi igiya ya yi iyo ya ɗaure bayan jirgin a jikin dutse, sannan muka samu natsuwa.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne Kekoba. Tsibiri ne dogo, babu mai zama a kansa yanzu. A gefensa akwai gari guda da girgizar ƙasa ta karya shi a ƙarni na 2 miladiyya, wani ɓangarensa ya zame cikin ruwa. Tun 1990 gwamnatinsu ta sa wurin cikin kariya, ba a iyo, ba a nutso a kan kufan. Kyaftin ya rage inji muka riƙa bin gefe kamar masu rakiyar gawa. Ruwan garau yake, kana hango harsashin ɗakuna a ƙasa da fasassun tuluna. Amma matakala ce ta kashe mini jiki. An sassaƙa ta a jikin dutse, ta taso daga sama, taki ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ta shige ruwa ta ci gaba da sauka abinta. Tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda sawu. Na ce yanzu wata baiwar Allah ta sha sauka nan da tulu a ka, tana faɗa da yaranta.

Ina cikin wannan tunani na leƙa sosai, iska ta fizge mini zanna bukar ɗina sabuwa fil. Muna ji muna gani ta jiƙe ta nutse. Kyaftin ya ce ba halin tsayawa. Yanzu haka hulata tana cikin kayan tarihin Turkiyya.

Nasiru Bakano: Nan da shekara dubu masana za su tono ta su ce ai Zage-zagi sun taɓa mulkin Bahar Rum.

Yusuf Kwarbai: Alhaji barka da dawowa. Ka yi haƙuri, ni dai zan faɗi abin da ke raina, ba raini ba ne. Mutum ya tashi daga Zariya, ya ƙetare sahara da teku don ya kalli kangon wasu, alhali kullum yana wucewa ta Ƙofar Doka bai taɓa tsayawa ya dubi abin da ya rage na ganuwarmu ba. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa zuwa Turunku? Mu nawa muka hau Kufena ba don yawon sallah ba? Kuɗin shatar jirgin nan na kwana huɗu na tabbata zai yaɓe wani yanki na ganuwa. Turkawa sun riƙe nasu har suna cin kuɗi da shi, mu kuma mun mayar da namu bola da wurin ɗibar ƙasa. Sannan mu je mu ƙara musu kuɗi mu dawo muna ba da labari.

Alhaji Sani Mai Labule: Yusuf ko kwabo ban biya ba, baƙo ne ni. In an gayyace ka walima kana tambayar nawa aka sayi ragon?

Yusuf Kwarbai: Ribar labulen da yake ci a kanka shekara tara ita ta biya, Alhaji.

Maman Ilham: Kai Yusuf, Alhaji fa sa'an babanka ne. A sassauta.

Malam Tukur Kusfa: Ni ba maganar kuɗin ce ta dame ni ba, kowa da aljihunsa. Tambayar da ya kamata a yi ita ce da wace zuciya aka shiga wurin. Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, ku duba Suratur Rum aya ta 42. Saboda haka ganin kufai ba laifi ba ne, wa'azi ne ma. Sai dai lokacin da Annabi (SAW) ya bi ta Hijr, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna kuka. To a yau ana zuwa irin waɗannan wurare da kiɗa da gashin kifi da ɗaukar hoto ana dariya. Nan ne nake jin tsoro.

Hajiya Binta Tudun Wada: Allah gafarta Malam, kenan duk garin da girgizar ƙasa ta ci azaba aka yi musu? Ai ko a 2023 an yi ta a Turkiyya da Siriya, musulmi dubbai suka rasu.

Malam Tukur Kusfa: A'a Hajiya, ban faɗi haka ba, kuma ba ni da ikon faɗa. Na Samudawa nassi ne ya zo da shi. Mutanen Kekoba babu wanda ya ba mu labarin tsakaninsu da Ubangijinsu. Ladabi kawai nake magana. Wanda ya tsaya kan matakalar da Alhaji ya kwatanta ya tuna mai tulu, ai ya samu abin da ake nema. Wanda bai ga komai ba sai wurin da hoto zai yi kyau, shi ne ya yi asarar tafiya.

Kuma Alhaji, da ka san inda kake da ka ƙara shiru. Gaba kaɗan da inda kuka tsaya akwai Finike. A ruwan wannan yanki masana tarihi da yawa suke cewa aka yi yaƙin Zatus Sawari, zamanin halifancin Sayyidina Usman, wajen shekara ta 655. Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh ne ya jagoranci jiragen musulmi, sarkin Rumawa da kansa yana cikin nasa jiragen, da ƙyar ya tsira. Mutanen da jiya-jiya raƙumi kawai suka sani. Ka ga ba kai ne ɗan tudu na farko da ya yi jiri a wannan ruwa ba.

Alhaji Sani Mai Labule: Wallahi Malam babu wanda ya gaya mini. Mai masaukina labarin Girkawa da Rumawa kawai yake ta ba ni.

Dakta Hauwa Samaru: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar da saƙo fiye da arba'in. Alhaji barka da zuwa, na yi maka murna, har da ɗan kishi, domin abin da nake koyarwa a allo kai ka gan shi da ido.

Yusuf, ina tare da kai a zafin da kake ji, amma kwatancenka yana da rami. Kana magana kamar Turkawa sun fi mu son kakanni ne shi ya sa nasu ya tsaya. Ba haka abin yake ba. Na farko, waɗanda suka gina garuruwan nan ba kakannin Turkawa na harshe ba ne, mutanen Likiya ne, wato tsohon sunan wannan yankin, sai Girkawa da Rumawa. Turkawa sun shigo yankin ne bayan ƙarni na 11. Na biyu, abin da ya tsare wuraren nan dutse ne da kuma gudun mutane. Ɗauki Patara. Babbar tashar jiragen ruwa ce, can majalisar tarayyar garuruwan Likiya take zama, har hasumiyar haska wa jirage hanya aka gina zamanin sarki Nero, wajen shekara ta 64. Me ya kashe ta? Ba yaƙi ba. Yashi ne ya toshe bakin tashar, ruwan ya zama fadama, sauro ya yi yawa, ciniki ya koma wani wuri, mutane suka watse. Yashin da ya kashe garin shi ya lulluɓe shi ya adana shi, sai a 1988 aka fara tono na sosai. Da mutum dubu ɗari biyar na zaune a kan Patara yau suna neman filin gini, da ka ga abin da zai rage.

Alhaji, kun sauka a Kalekoy?

Alhaji Sani Mai Labule: Mun sauka, daidai tsallaken Kekoba yake. Ƙauye ne a jikin tudu, mota ba ta shiga, da ƙaramin kwale-kwale muka isa. A saman tudun akwai ganuwar yaƙi, cikinta wani ɗan dandalin kallo da aka sassaƙa a dutse, sun ce mutum wajen 300 yake ɗauka. A bakin ruwa kuma ga wani akwatin gawa na dutse tsaye shi kaɗai cikin ruwa, murfinsa kamar an kifa kwale-kwale. Yara na wanka a gefensa.

Dakta Hauwa Samaru: To gidajen ƙauyen fa, ka lura da bangonsu?

Alhaji Sani Mai Labule: Yanzu da kika faɗa! Inda muka sha shayi, dutsen da ke bakin ƙofar matar nan sassaƙaƙƙe ne, ya fi sauran girma da kyau. Har na ce a raina wannan magini ya iya aiki.

Dakta Hauwa Samaru: Ya iya, sai dai ya rasu shekara dubu biyu da suka wuce. Ka gani Yusuf? Su ma sun ɗebi dutsen kufai sun gina ɗaki da garken awaki, kamar yadda namu suka ɗebi ƙasar ganuwa. Talaka ko'ina in ya ga kayan gini a banza zai ɗauka. Bambancin, dutse in ka ɗauke shi yana nan a dutsensa, ana iya gane shi. Tubali in ka farfasa ka kwaɓa ya koma ƙasa, shi ke nan.

Kuma su ma an yi musu kwasa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Fellows, a farkon shekarun 1840 ya kwashe manyan sassaƙe-sassaƙe daga Zantos, kusa da Patara, har yau suna gidan tarihi na Landan. Irin abin da aka yi wa Benin a 1897, irin abin da 'yan fasa-ƙwauri suka yi wa gumakan Nok a nan jiharmu.

Yusuf Kwarbai: Na ji Dakta. Amma yanzu ai sun farka sun sa doka, ko hula ba a tsayawa ɗauka. Mu yaushe za mu farka?

Nasiru Bakano: Kar ka damu Yusuf, ta Kano ma haka take, mun yanka ta mun yi shaguna. Wannan karon ba zan yi muku gori ba.

Abubakar Ɗan Baba: Baba yana kusa da ni, na karanta masa komai tun daga farko. Ya ce in rubuta abin da zai faɗa kar in rage. Ga shi:

Ina gaida Malam Tukur, ina gaida Alhaji, ina gaida 'yata Dakta. Ni ban yi boko ba, gini na gada. An nuna mini hoton kaburburan nan da aka fafe a fuskar tsauni, waɗanda Alhaji ya ce a wani tsohon gari Mira suke. Na sa yaro ya buɗa mini hoton sosai. Ku duba saman ƙofofin, akwai wasu dunƙule-dunƙule a jere. Wannan kan azara ne. Mutanen nan gidajensu na zama da itace suke yi, da suka zo yi wa matattu ɗaki sai suka kwaikwayi gidan itacen a dutse, har da kan azarar da ba ta ɗauke da komai. To ina gidajen itacen? Babu ko ɗaya. Na matattu ne ya rage. Ku ce wa Yusuf abin da Alhaji ya je ya gani maƙabarta ce da garin da masu shi suka gudu. Mu ba mu gudu ba, muna ciki.

Ginin ƙasa kamar doki ne, kullum sai ka ba shi. Damina ta wuce ka hau ka duba indararo, ka toshe tsaga, ka yi yaɓe, mai hali ya sa makuba. Ka yi shekara uku ba ka yi ba, ya fara zubar da kafaɗa. Mahaifina ya ce a da in kaka ta yi, sarki ke sa a yi shela a fito gyaran ganuwa, kowace unguwa da nata yankin, da kiɗa da abinci. Ba don sha'awa ake yi ba, don tsoron mahara ne. Da Nasara ya zo yaƙi ya ƙare, wa zai bar gonarsa ya je yaɓen bangon da ba ya tsare shi daga komai? Ruwan sama ya ci rabinsa, mu muka ci sauran.

Dakta Hauwa Samaru: Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gano a hoton waya shi ne daidai abin da masana suka rubuta kan kaburburan Likiya, kwaikwayon ginin katako ne, yawancinsu na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ina roƙon ka yarda in kawo ɗalibaina su zauna gabanka.

Malam Tukur Kusfa: Maganar Baba ta tuna mini da masallacin Juma'a. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Masana gine-gine daga ƙasashe suna zuwa kallon bakan-gizonsa, har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufto ana sallar La'asar. Ina da ɗalibi a cikin sahun, Allah ya yi da sauran kwanansa. Waɗanda suka rasu Allah ya karɓi shahadarsu.

Hajiya Binta Tudun Wada: Amin ya Allah.

Maman Ilham: Amin. Ranar ba za ta mantu ba.

Alhaji Sani Mai Labule: Amin. Ni fa tun ina yaro nake sallah a ciki, ban taɓa ɗaga kai na dubi rufin da niyyar kallo ba. A Mira kuwa na yi minti ashirin ina kallon dutse har wuyana ya ƙage. Yusuf, a nan kam ka kama ni.

Amma bari in ƙara abu ɗaya don kar a ce kango kawai na gani. Da muka wuce garin Kash, kyaftin ya nuna mana wani tsinin dutse da ya shiga teku, ya ce a ƙarƙashinsa wani mai nutso ya gano jirgin da ya fi shekara dubu uku da nutsewa. Dakta gaskiya ne ko irin labarin direbobi ne?

Dakta Hauwa Samaru: Gaskiya ne, Uluburun ke nan. Mai nutson neman soso ne ya gan shi a 1982, jirgin kuma ya nutse a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An samu jan ƙarfe tan 10, kuza tan 1, daidai awon da ake haɗawa a yi tagulla. Akwai hauren giwa, haƙoran dorina, ƙwan jimina, baƙin katako na Afirka, da ɗan hatimin zinare mai sunan Nefertiti, sarauniyar Masar. Kayan suna gidan tarihi na Bodrum. Ka ga kai ma ɗan kasuwa ne, wani ɗan'uwanka ne kwantenarsa ba ta iso ba.

Alhaji Sani Mai Labule: Subhanallahi. Dakta kar ki yi mini baki, tawa tana kan ruwa yanzu haka.

Yusuf Kwarbai: To ni dai har yanzu ban sauka daga maganata ba. Ko ƙasa ce ko dutse, wanda ya kai jaki ya sari ganuwa ya san abin da yake yi. Ɓarna ce, a kira ta da sunanta.

Abubakar Ɗan Baba: Baba yana dariya har da tari. Ya ce in tambaye ka, kai ba jikan marigayi Alhaji na gidan mai darbejiya a ƙofa ba ne?

Yusuf Kwarbai: Ni ne.

Abubakar Ɗan Baba: Ya ce to angon kakarka, zamanin Shagari shi ya ɗaga wa kakanka katangar gidan nan da kake kwana a ciki. Ya ce jakai goma sha biyu suka yi sati suna jigila, kuma ba daga kududdufi suke ɗebowa ba, domin ƙasar kududdufi sai an sake kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta ruɓa, waccan kuwa magabata sun riga sun gama mata aiki. Ya ce shi ya nuna musu inda za su sara, Allah ya yafe masa.

Nasiru Bakano: Innalillahi! Yusuf ashe a cikin kayan tarihi kake kwana. Alhaji ka kawo Turkawan su yi shatar a-daidaita su zo kallo.

Maman Ilham: Nasiru ka bari mana, cikina ya ƙulle.

Dakta Hauwa Samaru: A bar dariya, ni wannan labari ya fi mini amfani da komai a yau. Ranar Asabar ina da niyyar fita da 'yan aji uku mu bi ganuwa daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, mu auna tsawo da kaurin abin da ya rage mu ɗauki hoto. Duk mai so ya zo, ƙarfe bakwai na safe kafin rana ta yi zafi. Baba in jiki zai yarda, ko a mota ne ka zauna ka riƙa nuna mana.

Alhaji Sani Mai Labule: Motar da ruwan sha a kaina. Zan zo da tsohuwar hula.

Hajiya Binta Tudun Wada: Ni ƙafata ba za ta iya ba, amma ku biyo ta gida ku karɓi waina.

Yusuf Kwarbai: Na fita na zagaya gidan. Duk an shafe da siminti, ban gane komai ba. Abubakar tambayar mini Baba wane ɓangare ne.

Abubakar Ɗan Baba: Ya ce na gabas, daga bakin zaure zuwa gindin darbejiyar. Ya ce ka ƙwanƙwasa da bayan hannu, inda ka ji sauti ya yi nauyi nan ne. Kuma ka duba ko akwai tsaga ko ɗaya, in ka samu ka zo ya biya ka kuɗin kakanka.

Yusuf Kwarbai: Babu tsaga.